Muryar da Na Yi a Kufan Alƙalawa

Ni ne na yi laifin, ba aljani ba, ba kuma fatalwa ba. Shekara talatin ina ɓoye wannan magana.

Wata Laraba ce a farin 1984, ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Geron garinmu ya ƙone tun bai yi kai ba, rumbuna sun zama fayau, mata suna tonon gidan tururuwa don tsabar da ke ciki. Abin da ya riƙe mu shi ne anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci da ake jiƙawa kwanaki kafin su ciwu. Ta kusa da gari duk an tsinke, sai ta cikin kufan Alƙalawa, tsohon birnin Gobir, inda ba mai shiga. An ce da tsakar rana ana jin tambari daga ƙarƙashin ƙasa. Kakata takan ce, "In ka ji an kira sunanka a kufai, kada ka waiwaya, matattu na ka neman ka." Yunwa ta fi mini tsoro ƙarfi. Kullum nakan saci jiki in cika aljihu, in ce wa mahaifiyata a bakin gulbi na samo.

Ran nan na tarar da maƙwabciyarmu Inna Tumba a ciki, da ƙwarya, tana tsinka tana karanta addu'a. Mijinta Malam Isiya ya rasu da bazara, ya bar mata 'ya'ya uku. Na ga itatuwan ba su da yawa, na ji kamar abincin gidanmu take kwashewa. Danga ɗaya ce ta raba mu, don haka na san sunanta na yanka, wanda mijinta kaɗai ke kiran ta da shi. Na laɓe bayan tudun tsohuwar ganuwa, na sa bakina cikin wani fasasshen tulu, na ja murya: "Hawwa'u!" Ta ƙame. Ba ta waiwaya ba. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Na sake kira. Ƙwaryar ta suɓuce, ta tafi tana sassarfa, ƙaya na kama zanenta. Na kwashe abin da ta zubar.

Kwana biyu ina jin ta ta bayan danga tana cewa Malam ya zo ɗaukar ta, wa za ta bar wa yara. Ina tauna anzarta ina saurare. Ba ta koma kufan ba, babu kuma wani wurin samu. Kafin sati ta ɗaure kayanta, ta bi ta Burkusuma zuwa wurin 'yan'uwanta a Nijar. Ƙaraminsu Sani, da muke langa tare, bai kai can ba, a hanya ya rasu.

Yanzu matasa na ratsa kufan a kan babur, suna waya suna dariya, anza na bushewa ba mai kallo. Ni har gobe ba na bi ta nan.

Da na ji ta dawo Tsamaye, kusa da garinmu, wurin 'yarta, ta tsufa, ido ya tafi, na je na durƙusa gabanta. Ta ce, "Wa na? Ɗan gidan wa?" Na faɗa mata. Ta shiga tambayar mahaifiyata, na katse ta.

"Inna, wanda yak kira ki cikin kufai ba Malam na ba. Ni na, da bakina cikin tulu, don in kwashe anzarki. Ni nak kore ki da ɗiyanki. Don Allah ki gafarta mani."