Ni Na Karya Ƙafar Ragon Malam Yohanna

Talata: Anka zuwa Bukkuyum

Na bar gida ƙarfe shida saura kwata, bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba. Kayana jaka ɗaya ce, da sanda, da ƙunshin kilishi na tsaraba. Shekaruna sun haura saba'in, hamsin daga ciki a fawa na yi su. Na rubuta wannan ne don 'ya'yana da abokan sana'a da suke ta tambaya me ya kai tsoho Gummi cikin zafin bazara.

Ga dalilin. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce muna da maƙwabci a Anka, Malam Yohanna, Badakkare, mai wa'azi a ƙaramin cocin bayan gari. Wata shekara, ana gab da bikinsu na Ista, ya kawo mini ragon da ya kiwata da hannunsa. Ya ce ni zan yanka, don maƙwabtansa Musulmi su ci, in gasa shi ɗungurungum, amma kada in karya ko ƙashi ɗaya. Zai nuna wa jama'arsa ne, da baƙin da za su zo daga Zuru, yadda mutanen Annabi Musa suka ci Idin Ƙetarewa. Na ce to. Da na zo sa ragon a rabin durom ɗin da nake gashi, ƙafafun baya suka yi tsawo. Hannun mahauci ba ya shawara da kai. Na juya bayan gatari na buge su, na lanƙwashe, na ɗaure. Matar Malam, Saratu, ta zo ta ɗauka a tire, a rufe.

A gaban jama'a Malam ya buɗe, ya ce su duba, ba ƙashin da ya karye. Wani dattijo cikin baƙin ya ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi reto. Da safe Malam ya same ni a mahauta. Na ce masa lafiya lau rago ya bar hannuna, ya tambayi wadda ta ɗauka, don na ga tiren nata ƙarami ne. Ya yarda da ni. Shekara ta zagayo aka canza musu wurin aiki, na ɗauka magana ta mutu.

A watan jiya wata ma'aikaciyar jinya, Kirista, ta zo sayen cinya wurin ɗana, ina zaune. Ta ce masa, "Bar mini ita yadda take, kada ka yi mini aikin Saratu Karya-ƙafa." Na tambaye ta inda ta san sunan. Ta ce ita ba ta ma san matar ba, haka dai ake faɗa a zumuntar matansu. Ranar ban iya cin tuwo ba. Na bincika, aka ce Malam da matarsa suna Bukkuyum.

Na isa tasha ƙarfe shida da minti goma. Mota ta cika tun bakwai saura, amma ba wanda ya motsa sai da aka ce sojoji sun buɗe hanya, ƙarfe takwas daidai. Mu biyu a gaba, huɗu a baya, naira dubu huɗu kowa. Wanda muka raba kujera da shi mai haƙar zinari ne daga gabas, Hausarsa ba irin tamu ba, barci ya yi a kafaɗata har muka rabu.

"Baba, Bukkuyum cikin ranag ga?" in ji direba. "Ko kai ma ramin zinari za ka shiga?"

"Gaisuwa za ni."

"Da tsuhwanka, ai kai aka zuwa gaisuwa."

Shingen sojoji huɗu muka wuce. A na uku kowa ya sauka ya taka da ƙafa, ni kaɗai aka bari a mota saboda gwiwa. Sojan ya leƙo, ya shaƙi hanci, ya ce, "Baba, mu fa?" Na gutsura masa kilishi. Muka shiga Bukkuyum ƙarfe goma da minti ashirin. Direba ya ce tafiyar ba ta kai kilomita saba'in ba, ramuka ne suka miƙar da ita.

Na sauka gidan Ɗanjuma, mahaucin da muka yi tallan nama tare muna samari. Aka dama mini fura da nono. Bayan azahar ya raka ni cocin garin. Wata dattijuwa mai suna Hannatu muka tarar tana wanke shuwaka a inuwa. Ta ce Malam Yohanna da Mama Saratu sun bar nan damina biyu ke nan, tun da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukan kusa, suna Gummi wurin 'yarsu Rahila.

Na tambaye ta shuwakar ta mece ce. Ta ce ta jibi ce, Alhamis, ranar da suke tuna Ƙetarewa. Ta ce a daren ƙarshe na Bani Isra'ila a Masar an umarci kowane gida ya yanka ɗan rago bana ɗaya marar aibi, a shafa jininsa a dogaran ƙofa. Mutuwa ta ratsa ƙasar ta ɗauki kowane ɗan fari, amma gidan da ke da jini sai ta ƙetare shi. Naman a gasa, ba a dafa ba, a ci da gurasa marar yisti da ganye mai ɗaci, kowa da takalmi a ƙafa, don da safe tafiya ce.

"Ashe ku ma kuna duba aibi," in ji Ɗanjuma. "Kamar ragon layya ke nan. Ba gurgu, ba mai ido ɗaya."

"Awo. Mu har ƙashi ba a karyawa." Ta yi dariya. "Shi ya sa da tana nan ba mu barin Mama Saratu kusa da nama. Duk taron da aka yi, wanke-wanke muke ba ta. Mace mai kirki, amma hannu ba kyau."

Ɗanjuma ya taya ta dariya, don bai san komai ba. Da yamma aka yi tuwon dawa miyar kuka, na ci kaɗan. Na kwana a zaure, a kan tabarma.

Laraba: Bukkuyum zuwa Gummi

Motar farko ta tashi ƙarfe tara saura minti goma, naira dubu uku da ɗari biyar. Akwai buhunan albasa a baya da awaki biyu. Muka fito babban titi, muka bi ta Daki Takwas, inda direba ya tsaya ya sayi mai a galan, ni kuma na sayi mangwaro na ɗari biyu. Shinge uku, ba a sauke kowa ba. Ƙarfe sha ɗaya da rabi muna Gummi. Mai kabu-kabu ya ce ya san gidan Rahila mai ɗinki, ya kai ni a kan naira ɗari uku.

Malam Yohanna yana zaune a gindin dogon yaro a tsakar gida. Ya rame, idanunsa sun yi fari. Na yi sallama, ya karkata kai.

"Wannan murya ta mahauta ce. Mamman? Bazamfare, wa ya kwance ka?"

"Na zo duba bawana ne, ko yana noma."

"Ku da ba ku iya riƙon fartanya ba! Rahila, kawo ma ubangidan ƙarya kujera."

Wasan da ke tsakaninmu da Dakarkari ne, amma kalmar ƙaryar nan ta same ni. Rahila ta kawo ruwa ta gaishe ni. Uwarta ta leƙo daga ɗakin girki, ta ce sannu da hanya, ta koma. Muka yi tambayar matattu da masu rai. Sannan na ce masa akwai abin da ban taɓa tambaya ba: me ya sa ƙashin rago ya dame shi haka a waccan shekara?

Ya gyara zama kamar mai jiran tambayar. Ya ce a fahimtarsu, ragon Masar inuwa ce, mai inuwar yana tafe a baya. Allah ya sa mutanen Musa su riƙa maimaita wannan ci kowace shekara don in Almasihu ya zo su gane shi. Rago marar aibi, mutum ne marar zunubi. Jinin da ke ƙofa, wani ne ya mutu don na cikin gida su rayu. Yisti yana kumbura gari yadda zunubi ke kumbura zuciya, shi ya sa ake fitar da shi. Ɗacin ganye kuwa ɗacin bauta ne. Ya ce a lokacin wannan idin ne aka gicciye Yesu, tare da mutum biyu. Da yamma ta yi, sojoji suka zo suka kakkarya ƙafafun biyun don su mutu da wuri. Da suka iso kansa, ya riga ya cika, suka bar shi.

"Ka gani? Dokar da aka ba Musa tun da can, sojan da bai san Musa ba ya cika ta. Duk sauran alamun da baki nake faɗa. Wannan ɗaya ce na so su gani da ido, su taɓa da hannu."

Mu ba haka muka karɓa game da Annabi Isa ba. Ya sani, na sani, kuma ba mu taɓa gardama a kai ba. Abin da na fahimta shi ne girman abin da na buge da bayan gatari.

Na ce a kira mini Maman Rahila. Ta fito tana goge hannu a zani. Na sauka daga kujera na durƙusa, gwiwa tana ƙara. Na faɗi komai: durom ɗin, gatarin, igiyar, da maganar tire.

Akuya ta zo ta sha ruwan da aka kawo mini, ba wanda ya kore ta. Can Malam ya ce, "Sojan arna ya bar ƙafa, kai Mamman ka karya." Muryarsa ba ta wasa ba ce.

Saratu ba ni take kallo ba, mijinta take kallo.

"To, Malam, ka ji?"

"Na ji."

"Mi ka ji? Ƙara faɗi, kunnena ya tsufa."

"Na ji ba ke ba ce."

"Sau nawa na gaya maka? Na ce tun da na aza tiren nan a kai na ji ƙafafu suna lilo. Ka ce mahauci ya san aikinsa. Ka tashi a gaban mata, ranar Lahadi, ka yi misali da ni a kan gaggawa." Ta juyo gare ni. "Kai kuma, shekara talatin ina wanke kwano, kana can kana yin ƙiba."

Na ce in ta yarda, gobe in tsaya a ƙofar cocinsu in faɗa wa kowa da bakina.

Ta bar ni a durƙushe har ƙafata ta mutu. Sannan ta ce, "Tashi, kada ka karye mana a gida a ce ni ce. Na yafe maka. Tsoro ka ji, ka yi ƙarya ga mutum ɗaya. Amma ba kai za ka tsaya gobe ba. Wanda ya kai maganar gaban jama'a shi zai je ya ɗauko ta."

"Saratu, ni da ba na gani?"

"Da baki ka faɗa, ba da ido ba. Rahila za ta riƙe maka hannu."

Aka kawo shinkafa da wake da man ja. Malam bai ci da yawa ba. Da la'asar ya sa Rahila ta nuna mini masallacin unguwa, ta kuma shimfiɗa mini katifa a shagon ɗinkinta. A nan na kwana.

Alhamis: Gummi zuwa gida

Na so in tsaya in ga taron, amma Saratu ta ce in ina wurin, Malam zai ɓuya a bayana. Ƙarfe bakwai da rabi ina tasha. Malam ya rako ni ƙofar gida kawai. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka sauke kayanka ka aza mini, Bazamfare." Na ce ya yafe ni. Ya ce ya yafe, sauran tsakaninsa da matarsa ne.

Motar Gusau na shiga, naira dubu shida zuwa Anka. Mun tashi ƙarfe tara. Bayan Daki Takwas aka tsayar da mu kusan awa ɗaya, aka ce a jira motocin gaba su dawo da labarin hanya. Da aka sake mu direba bai ƙara tsayawa ba sai a shinge. Na sauka Anka ƙarfe ɗaya da kwata, na iske iyali lafiya.

Bayan magariba Rahila ta kira wayar ɗana. Ta ce Babanta ya tashi a coci kafin a raba gurasa, ya faɗi abin da ya faru, bai ambaci sunana ba, ya ce laifin da ya fi girma nasa ne. Ya roƙi a aika da maganar Bukkuyum da Anka da duk inda sunan ya kai. Da aka tashi, shugabar mata ta kawo wa Mama wuƙa da tire, ta ce naman Lahadi a hannunta yake. Mama ta ce ta tsufa da yankan nama, su riƙe wuƙarsu, ita sunanta kawai ta zo karɓa.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma sa na same su da rai. Ina godiya ga Ɗanjuma da Rahila da suka sauke ni, da direbobin da suka yi haƙuri da gwiwata. Wanda ya karanta wannan, in ya ƙara jin an ce Karya-ƙafa, ya ce Mamman mahauci na Anka ake nufi.