Kawu Isuhu da Kunun Dussa

Duk Malanville ba wanda ke gaisuwa irin ta Kawu Isuhu, ƙanen innata. Wasu su ce "ina gida", shi sai ya dubi tumbinka ya ce, "Yaya baƙin ciki?" Baƙi yake nuhi, ƙananan halittun da ke zaune cikin hanjin mutum. Ran bikin ƙanwata Rabi ya tare ango da wagga tambaya gaban jama'a. Ango ya ce, "Kawu, tun yau?"

Kun dai san shekara da shekaru ya yi waje shina aikin abin da yake kira anzim. Ya ce mini wani sinadari ne mai yanka abinci kamar almakashi. Aikinsu, shi da abokan aikinshi, su sake wa anzim ɗin hali, ya bar yanka ya koma ɗinki, ya ɗinke sukari ya zama zare-zaren da ciki bai narkarwa, sai baƙin nan su ci, mutum ya samu lahiya. Na ce, "Ashe tela ne kai." Kwana ukku bai yi mini magana ba.

Da ya dawo gida, sai ya shiga takara da tumaki. Injin casar shinkafa na garin Garou, kahin mata su iso ya kwashe dussa, ya ɗaure bayan kabu-kabu, babur ɗin haya. Hajiya Bintu mai kiwo ta riƙe buhun ta ce, "Dokta, ragona ya ci mi?"

"Ki ba shi shinkafar. Ku kuka zubar da mai amfani kuka ci banza."

"To kai zan yanka ran layya!"

Wata rana ya taho daga Gaya, tsallaken kogi, da kwalaben anzim cikin akwatin ƙanƙara. Bisa gadar iyaka ɗan duwan, wato kwastan, ya ce, "Mi ke ciki?" Kawu ya ce, "Ma'aikata." Aka ce ya sauko. Rana ta take, ƙanƙara na narkewa, kuma in zahi ya taɓa su aikin shekara ya tahi. Wani sai ya yi roƙo. Kawu ya ɗauki tsinke ya hau zane a ƙasa, shina bayani tun daga miyau. Bai kai ga hanji ba mutumen ya ce, "Baba, don Allah wuce."

Sai kunun dussa. Ya gama shi wata Juma'a da hantsi, ya ba dattijan unguwa biyar su gwada, har da ladan. Daɗi kam akwai, ladan ya ƙara ludayi biyu. Wayyo! Kahin a tada salla kowanensu ya sake alwala sau ukku. Sunka taho gida da sanduna. Kawu ya tarbe su da takarda da biro: "Alhamdu lillahi, baƙi sun ci! Wa ya fara?"

Mu muna dariya. Sai daga baya Inna ta gaya mini dalilin dawowarshi. Ciwon suga ya hana ta kunu mai zaƙi, shi ko ya rantse sai ya yi mata wanda za ta sha ba fargaba. Kullum da sahe shi ke kawo mata da hannunshi, ya tsaya har ta shanye. Ta ce kunun bai taɓa yin daidai ba, ita ko ba ta taɓa gaya mishi ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinshi, ya karɓi niyyarshi. Amin.