Gorar Iya da Kwamfutar Malam

Da na tambaye shi, da zai gaya mini? Shekara guda ke nan da rasuwar mijina Malam, kullum da wannan tambaya nake kwana, da ita nake tashi.

A Tsiga na girma, a hannun kakata Iya. Idan an sauke tuwo ba ta bari a kashe murhu. Sai ta jawo kwandon auduga, ta ɗauki mazari, mu jikoki mu kewaye ta muna cire gurya. Ba ta fara tatsuniya sai ta ga hannun kowa yana aiki. "Wanda ya tsaya, ni ma na tsaya," in ji ta.

Akwai wadda ta fi zauna mini. Wani manomi ya tsinci gora a kunyar gonarsa. Da ya leƙa ciki sai ya kasa ɗagowa. Aka yi shuka yana leƙe, aka yi noman farko yana leƙe, ciyawa ta cinye dawarsa. Ran nan matarsa ta ɗauko taɓarya ta tarwatsa gorar. Mu yara muka yi ta murna. Ni ce na ce, "Iya, me yake gani a ciki?" Ta murza mazari ta ce, "Oho. Ai matar ba ta leƙa ba." Muka yi dariya, aka wuce. Fasa gorar kawai na riƙe.

Aure ya kai ni Maska. Ɗanmu na fari, wanda har yau ba na kama sunansa, kamar yadda uwata ba ta taɓa kama na yayana ba, 'yan bindiga suka ɗauke shi a gona. Babu gawa, babu labari. Kunyar ɗan fari ba ta bar mu mun yi kukansa a gaban juna ba. Mutane su zo jaje, Malam ya ce Allah ya kyauta, ya koma zancen taki. Bayan damina biyu ciwon suga ya ci ƙafarsa, aka yanke ta. Mutumin da bai san zama ba ya koma kan tabarma.

'Yarmu Binta tana koyarwa a Funtua. Ita ta kawo masa kwamfuta, ta haɗa da sola, ta sa masa wani wasa. Wani saurayi ne mai takobi, an sace shi an kai shi ƙasar dodanni, yana neman hanyar gida. Binta ta yi mako tana nuna wa ubanta inda zai danna, tana fassara masa maganar mutanen cikin wasan.

Ba zan yi wa wasan ƙarya ba, yana da kyau. Ruwan cikinsa kamar ka ɗiba ka sha. In saurayin ya tarar da mai neman taimako, Malam ne zai zaɓa, ya tsaya ko ya wuce, kuma abin da ya zaɓa sai ya biyo shi gaba. Na ga mai ƙafa ɗaya yana hawan dutse yana haki a zaune. Na sake jin dariyarsa.

Amma garuruwan cikinsa ba na mutane ba ne. Ga gonaki sun nuna, ba mai girbi. Akwai wata tsohuwa da ke tsaye a ƙofar ɗakinta, ko yaushe aka je abu ɗaya take faɗa.

Na ce, "Malam, wannan ba ta da wata maganar ne?"

Ya ce, "Ke kina da wata? Kullum ka ci tuwo, ka sha magani."

Abin da ya fi ɓata mini rai, mutuwa ba ta da nauyi a ciki. Dodo ya tsaga saurayin, jini ya zuba, kafin in ce innalillahi ya miƙe garau.

Na ce, "Wannan wasan ƙarya ne. Wa ya taɓa mutuwa ya tashi?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Shi ne daɗinsa, Hajara."

Sai abin ya yi yawa. Tuwo ya huce a gabansa, azahar ta kusa taɓa la'asar. Abokansa su yi sallama a zaure ya ce a ce yana hutawa. Aka fara magana a unguwa, wai dattijo ya koma wasan yara da aljanu. Na tuna da matar mai gora. Rannan yana barcin rana na naɗe kwamfutar a zani, na ba maƙwabcinmu mai babur ya kai wa Binta.

Da ya farka ya dubi wurin, ya dube ni. Bai yi faɗa ba. Ya ci tuwonsa a kan lokaci, ya yi sallarsa a kan lokaci, na ce na yi dabara. Bayan kwana goma sha ɗaya gyambon inda aka yanke ƙafar ya tashi da zazzaɓi, Malam ya rasu.

Bayan sadakar bakwai Binta ta dawo da kwamfutar, ta buɗe ta a gabana. Akwai wani ɗan rubutu da ke yawo a saman kan saurayin. Wata biyar ina ganinsa, na ɗauka ado ne, tunda ban yi boko ba.

Ta ce, "Inna, kin san me aka rubuta nan?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Sunan Yaya ne. Baba ya ce in sa, ya ce kar in faɗa miki."

A nan na yi kukan da ban yi ba shekara uku. Iya ta faɗa mana tun muna yara, matar ba ta leƙa ba, mu kuwa muka tafa mata. Ni kullum ina zaune kusa da Malam yana wasan, kafaɗata tana taɓa tasa.

Da asubar ranar da zai cika, ya riƙe hannuna ya yi wata magana, na ɗauka zafin zazzaɓi ne. Ya ce, "Hajara, na bar shi a bakin gada. Ki sa a ƙarasa da shi gida."