Tsohuwar Bakin Gulbi da Ƙafar Maigidana

Duk tsufan da zan yi, shekarar da ƙafar maigidana ta sandare ba za ta fita raina ba. Lokacin Nasara ba su daɗe da shiga Sakkwato ba. Aka kwashi maza aikin hanya har da shi, dutse ya faɗo masa a ƙafa. Maɗori ya ɗora, ƙashi ya haɗe, amma da aka kwance karan ɗorin sai gwiwar ta tsaya kamar taɓarya.

Wanzami ya yi ƙaho, shiru. Aka ce a gwada likitan bariki, maigida ya rantse ba zai kai ƙafarsa wurin waɗanda suka jawo masa ba. Sai wansa ya zo ya yanke hukunci.

"A sassaƙa mai sanda shi zamna gida. Ƙaddara ta."

Daga bayan zana na ce, "Yaya, ban musa ƙaddara ba, amma ban ji inda anka ce a naɗe hannu ba."

Duk wadda ta shigo gidan da talla sai na tambaye ta ko ta san mai magani. Wata mai kifi ce ta ba ni labarin tsohuwa mai tausa a cikin masunta, bakin gulbin Rima. Yaya ya hana mu jakinsa, wai matar aure ba ta ratsa gari tana jan miji. Na aro na maƙwabta, na ɗora maigida a kai, na ja shi da rana tsaka, masu kallo suka kalla. Yarinya ce ni a lokacin, amma ko gezau.

Tsohuwar ta gasa gwiwar da ruwan zafi, ta murje ta da man kaɗe, ta shiga lanƙwasawa. Maigida, ƙato guda, ya fashe da kuka. Na kama hannunta.

"Sake ni, ɗiyata," in ji ta. "In kin ji tausai nai yau, gurgu za ki maida gida."

Na sake. Ta sa shi takawa cikin ruwa iya ƙugu, ta koya mini tausar, na ci gaba a gida safe da yamma, yana faɗa ina murzawa. Kafin damina ta faɗi ya taka har kasuwa da ƙafarsa, da ɗan ɗingishin da bai rabu da shi ba har rasuwarsa.

Tun daga nan, in aka ce mini in haƙura, sai na duba tukuna: Allah ne ya rufe ƙofar, ko mai faɗin ne ya gaji?