Cari Mai Nemo Ciyawa

Cari Mbodu bai taɓa mallakar shanu fiye da uku ba, amma duk garken tsibirinsu sawunsa yake bi. Idan ruwan Tafkin Chadi ya fara ja, shi ake turawa ya gano inda sabuwar ƙasa ta fito da ciyawa. Yakan ɗauki gorar tuƙi da bandar kifi da garin gero, ya kutsa cikin kyauro. Inda kwalekwale ya cije, sai ya sauka ya ja shi cikin taɓo har ƙugu. Inda taɓon ya ƙare, ya taka da ƙafa.

Wata shekara ya yi kwana ashirin da uku a can. Ya dawo ya tarar kwana shida ke nan da rufe matarsa Kellu. Amai da gudawa ne, yini guda. Yayarsa Yakura ce ta tare shi a bakin ruwa ta faɗa masa. Sai da ya ɗaure kwalekwalen, ya gwada ƙullin, sannan ya ce, "Akwai ciyawa gabas da kwarin dorina. Za ta kai wata biyu."

"Kai Cari, ka ji abin da na ce kuwa?"

"Na ji, Yaya."

"Wallahi busasshen kifi ya fi ka ruwa a ido."

Ya zauna kan tabarma ana masa gaisuwa, yana amsawa. Yana jira abin ya taso masa daga ciki. Bai taso ba. Ya je kabarin, ya yi addu'a, ya lura ƙasar wurin ba ta riƙe ruwa, an zaɓi wuri mai kyau.

Da sati ya zagayo, shi ya shiga gaba, shanu suna iyo a bayansa, manyan ƙahoninsu kawai ake gani. Ko ɗan maraƙi bai salwanta ba. Mutane suka sa wa sabon tsibirin da ya gano sunansa. Da aka gaya masa, ya ce to.

Bai sake aure ba. Ya yi shekara sha tara yana wannan aiki, har gwiwoyinsa suka ƙi taɓo. Yanzu yana zaune gidan Yakura yana gyara komar kamun kifi. Masu shiga kyauro sukan tsaya su tambaye shi hanya, ya zana musu a ƙasa da tsinke, ya koma kan ɗinkinsa.