Bindigar Dama a Hannun Bahaguwa

Yayana Ladan mutum ne da in ya kafe a kan magana, gara ka je ka tura bango. Ni Sabuwa, ƙanwarsa, na fi kowa sanin haka, don tun muna yara a ƙauyenmu kusa da Dakoro nake shan taurin kansa. Gidanmu gidan maharba ne. Maza huɗu mahaifinmu ya haifa, uku sun gaji harbi, Ladan kuwa ko zabuwa ta tsaya ta jira shi sai ya kuskure ta. Dariyar da aka yi ta yi masa ce ta kora shi lakwal, wato makarantar boko, lakwal ta kai shi Yamai, daga can ya samu gurbin karatu a Lyon ta ƙasar Faransa. Shekara ashirin da biyu ke nan yana gyaran na'urori a wani labo, ɗakin binciken kimiyya, a Villeurbanne da ke jikin Lyon, ni kuma aure ya ajiye ni a La Courneuve, gefen Paris. Har yau in aka ɗauko hirar farauta sai ya tashi ya ce zai duba shayi.

Sai ga ɗiyarsa Hamdiya, mai shekara goma sha uku, ta shiga ƙungiyar masu harbi da bindigar iska, inda ake auna takarda daga mita goma. Da bindigar aro ta ƙungiya take harbi, irin wadda ƙotarta ta dace da kowane hannu. Ladan bai taɓa leƙa ciki ba, a bakin ƙofa yake ajiye ta ya juya. Amma ranar da mai horo ya gaya masa za a tantance yara a ɗauki uku su wakilci ƙungiya a gasar yanki, kuma Hamdiya na gaba-gaba, sau uku ya buga mini waya. Wai jinin gidanmu ya tsallake shi ya sauka kan ɗiyarsa. Ya rantse ba za ta je tantancewa da kayan aro ba.

Ya hawo jirgin ƙasa zuwa Paris, na raka shi wani kantin kayan harbi. Mai kantin dattijo ne mai haƙuri, ya yi ta tambaya: tsayin yarinya, tsawon hannunta, nauyin da za ta iya riƙewa a tsaye. Ladan ya auno komai ya rubuto a takarda, yana amsawa yana hura hanci. Daga ƙarshe dattijon ya tambaya ko da dama take harbi ko da hagu.

"Da dama," in ji Ladan. "Ɗiyata tana da tarbiyya."

Ni kuwa na san ba haka ba ne. Tun tana rarrafe Hamdiya da hagu take miƙa hannu, kuma Ladan ne ya bi ta shekara da shekaru yana mayar da cokali da alƙalami zuwa dama har ta saba. Na buɗe baki, ya harare ni, na rufe. A wajenmu ƙanwa ba ta ƙaryata yayanta a gaban baƙo, kuma wannan shirun nawa har yau yana ci mini rai.

Ya zaɓi wata mai ƙyalli, an sassaƙa mariƙinta daidai tafin dama, ya kai gida. Yarinya ta durƙusa ta karɓa hannu biyu ta yi godiya. Ta yaya za ta ce wa ubanta kyautarsa ba ta yi ba? Ta mayar da bindigar aro, aka ba wani yaro. Ko da mai horo ya tambaye ta dalilin sauya kafaɗa, cewa ta yi ita ta ga dama.

Mako uku harbinta yana lalacewa. Ladan ya rikice. Ya sauya mata ƴan dalmar da ake ɗurawa, ya kai ta likitan ido, ya sa aka aiko da rubutu daga gida ta sha, ya hana ta waya. Abinci ya daina shiga masa, matarsa Aïssata ta ce mini ramar har a wuyan rigarsa ake gani. Abin da ke cin sa bai wuce ɗaya ba: kada a ce ita ma ta gado shi. Ran Laraba, saura kwana uku tantancewa, Hamdiya ta kira ni da wayar uwarta tana kuka.

"Gwaggo, a ƙungiya da hagu nika halbi tun farko. Da wagga ba ni ganin komi daidai. Don Allah kar ki gaya ma Baba, ni dai in bar abin."

Washegari sai ga Ladan a Paris da akwatin bindiga, ido jajir, wai an sayar masa da karkatacciya. Na sake raka shi kantin. Dattijon ya harba sau biyar a ɗakin gwaji, duka suka shiga rami ɗaya. Sannan ya ce wataƙila idon yarinyar na hagu ne ke jagora, kuma a nan take ana iya gane irin wannan. Don ya nuna masa yadda ake gwadawa, ya sa Ladan ya haɗa tafukansa ya bar ɗan rami, ya kalli agogon bango ta ciki, ya jawo hannun a hankali zuwa fuskarsa. Ramin ya tafi kai tsaye kan idonsa na hagu.

A nan haƙurina ya ƙare. Na ce, "Yaya, ka manta tsumman da Inna ta riƙa ɗaure ma hannun hagu da shi? Kai ma bahago ne. Ba halbi ne ba ka iya ba, kafaɗar da ba taka ba aka ɗora maka. Shi ne ka yi ma ɗiyarka."

Ya zauna a kan wani kwali, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ban taɓa jin tausayinsa kamar ranar ba. Daga nan sai ya shiga roƙon dattijon ya samo masa ta hagu kafin Asabar, shi da ban taɓa jin ya roƙi kowa ba. Sabon mariƙi na hagu sai an yi kwana goma kafin ya iso. Abin da ke ƙasa wata tsohuwar bindiga ce ta hagu, duk ta ƙuje, wadda wani ya kawo musaya. Ladan ya bar mai ƙyallin, ya rungumi tsohuwar, ko abincina bai tsaya ci ba ya koma Lyon.

Yini ɗaya tak Hamdiya ta samu ta gwada ta. Ran Asabar na je Villeurbanne, kuma ranar ce Ladan ya fara taka cikin ɗakin harbin. Ta yi harbi mai kyau, ya fi duk na makonnin nan uku, amma mako uku ba ta harba da hagu ba, hannun ya riga ya yi sanyi. Uku ake ɗauka, ta zo ta huɗu.

A tashar taram, ɗan jirgin cikin gari, muka tsaya jira. Ladan ne ke riƙe da akwatin. Ya miƙa mata, ta kawo hannun dama kamar yadda ya koya mata tun tana ƙarama. Bai saki ba. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ga hawaye na bin gemunsa.

"Ɗayan, ɗiyata," ya ce. "Kawo ɗayan."