Wanda Yake Neman Shiga Asusun Ƙanena

Ƙanena malamin lissafi ne a wata sakandare a Dutse, kuma tun muna yara mayen dara ne. Da aka buɗe kafe ta intanet a bakin titin da ya shiga Takur, 'yan shekaru bayan an ƙaddamar da shari'a, sai ya gano cewa ana buga darar Turawa da mutanen wasu ƙasashe ta kwamfuta. Kowa ya motsa ɗan dararsa ya tafi harkarsa, abokin wasa ya zo daga baya ya mayar. Shi ba shi da imel a lokacin, ni kuwa wurin aiki ya sa na buɗe, saboda haka da adireshina ya yi rajista. Sunan da ya sa wa kansa a wasan laƙabin da mahaifiyarmu take kiransa da shi ne, wanda ban da 'yan gida ba mai kiransa da shi.

Ya rasu da damina, a hanyar Jahun, cikin motar haya da tayarta ta fashe. Ya bar mata da 'ya ɗaya mai rarrafe. Da matar ta fita takaba ta koma gidan iyayenta a Limawa.

An yi girbi an gama lokacin da saƙon ya zo. Na shiga kafen da hantsi don in duba wata takardar aiki. A shekarun nan an juya fuskokin kwamfutoci suna kallon ƙofa don kowa ya ga abin da kowa yake yi, an kuma rataya labule a ɓangaren mata. Ina buɗe akwatin imel ɗina na ga laƙabin ƙanena a kan layin farko. Saƙon ya ce an nemi a canza kalmar sirrin asusunsa, in ni ne in danna shuɗin rubutun da ke ƙasa, in ba ni ba ne in share.

Na ƙura wa laƙabin ido, ina ta maimaita karanta saƙon. Mai kafen, wanda muka yi firamare tare, ya lura ya taso.

"Malam, lafiya?"

Na nuna masa. Ya karanta ya yi salati, domin ya san marigayin, a kujerar kusa da taga yake zama kullum.

"Kada ka danna komai tukuna," ya ce. "Irin waɗannan na ƙarya sun fi na gaskiya yawa. Bari mu duba."

Ya jawo kujera muka bi adireshin wanda ya aiko harafi bayan harafi, muna gwada shi da tsohon saƙon maraba da suka aiko ranar rajista, wanda ban taɓa gogewa ba. Babu bambanci. Ya ɗora kibiyar kwamfutar a kan shuɗin rubutun bai danna ba, sai inda zai kai mutum ya fito a can ƙasa, shi ma gidan wasan ne. Ya ce na ƙarya yawanci ba su san sunanka ba, kuma sai sun tsorata ka da cewa za a rufe asusu, ko su ce ka rubuto musu tsohuwar kalmar. Wannan bai roƙi komai ba.

"Saura gwaji ɗaya," ya ce. Ya rubuta adireshin gidan wasan da hannunsa, ya sa laƙabin, ya danna wurin da aka tanada wa wanda ya manta kalmarsa. Muka zauna muna sauraron janareta. Can sai ga wani saƙon ya shigo, daga wuri ɗaya da na farko, kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

"Na gaskiya ne," ya ce a hankali. "Wani ya zauna ya rubuta sunan nan, kamar yadda na yi yanzu."

Na so a ce ƙarya ne, don ɓarawo abu ne da na san yadda zan ɗauke shi. Na fita na manta takardar da ta kawo ni.

Saƙon bai tsaya a nan ba. Sai a yi mako shiru, sai ya dawo, kullum da rana. Na koyi dubawa da kaina, kuma duk lokacin da na duba na gaskiya ne. Sau ɗaya na ƙarya ya shigo, wanda aka ƙara harafi a tsakiyar adireshinsa, yana kirana mai girma abokin ciniki, yana cewa in gaggauta. Sai da na yi dariya da na gane shi, na goge shi da sauƙin rai. Na gaskiyan ne suke hana ni cin abinci. Na fara kallon ɗaliban ƙanena a hanya ina tunanin ko ɗayansu ne. Na tambayi abokan aikinsa, ba wanda ya san laƙabin. In na shiga kafen idona sai ya fara zuwa kujerar taga, kuma in na ga bayan wani mai farar hula a kai sai in tsaya har ya juyo. Ban gaya wa mahaifiyarmu ba. Na yi sadaka, na ƙara yi masa addu'a, ban san me kuma zan yi ba.

Wata Asabar na kai gero da man gyaɗa Limawa saboda yarinyar. Matar ƙanena ta shimfiɗa min tabarma a zaure ta zauna daga bakin ƙofa. Bayan gaisuwa, ban san abin da ya sa ba, na ba ta labarin. Ina cikin magana na ga ta daina jijjiga 'yar.

"Yaya," ta ce, "wurinka suke zuwa?"

"Su wa?"

"Saƙonnin." Ta ja hijabinta ta rufe rabin fuska. "Ni ce, Yaya."

Ashe ƙanena ya taɓa kai ta wata kafe kusa da kasuwa ya nuna mata allon wasansa, yana alfahari da wani dattijo na wata ƙasa da ya kasa cinye shi. Bayan takaba, duk ranar da ta fita cefane sai ta ratsa can, ta shiga bayan labule, ta rubuta laƙabinsa, ta fara gwada kalmomi. Ta gwada sunanta, ta gwada sunan 'yar, sunan ƙauyenmu, sunan makarantarsa. In duk suka ƙi sai ta danna ɗan rubutun da ke ƙasa, kwamfutar ta ce an aika saƙo.

"Na san ba ya karantawa, ba taɓuwa na yi ba," ta ce. "Amma sai su ce an aika. Sai in tashi in tafi gida."

Na nemi izinin mahaifinta, washegari muka je kafen Takur tare da ita da ƙanwarta. Mai kafen ya ba mu kwamfutar da ke bakin labule, ni a waje su a ciki, allon a tsakaninmu. Na nemi sabon saƙo, na duba shi kamar yadda na saba, sannan a karon farko na danna. Aka ce in rubuta sabuwar kalma. Na ce ta zaɓa, ta faɗa min, na rubuta. Asusun ya buɗe.

Wasanninsa duk an rubuta ya sha kaye saboda lokaci ya ƙare bai motsa ba. A gefen na ƙarshe akwai rubutun dattijon nan. Da farko ya ce, abokina, kai ake jira. Daga baya ya tambaya ko lafiya. Daga nan bai ƙara rubuta komai ba. Na fassara mata. Ta ce in gaya masa, na rubuta cewa abokin wasansa ya rasu, ni yayansa ne, matarsa tana gaishe shi.

Ta daɗe tana kallon 'ya'yan darar a inda ya bar su. Sannan ta ce, "To yanzu nuna min tasa."

"Wace?"

"Kalmar da ya sa."

Na kalli mai kafen. Ya girgiza kai ya ce ba a nunawa, da zarar an sa sabuwa tsohuwar ta tafi, su kansu masu gidan ba za su iya faɗa ba. Ban san haka ba kafin in danna, ita ma ba ta sani ba. Ashe ba allon ta fi so ta gani ba. Ba ta yi kuka da sauti ba, labulen ne kawai na ga yana motsi, ƙanwarta tana ce mata ta yi haƙuri.

Dattijon ya amsa bayan wasu kwanaki. Ya ce ya yi zaton ya ɓata wa abokinsa rai ne, ya kuma ce marigayin ne yake gaba a wasan. Na kai mata wannan ma.

Shekara ta zagayo, matar ƙanena ta yi aure a Haɗeja, ta samu mutumin kirki, ya riƙe yarinyar kamar tasa. Kafin su tare na sake samun saƙon sau ɗaya, da rana, da laƙabin a sama. Na bi adireshin, na ɗora kibiya na duba inda zai kai ni, komai daidai. Na je Limawa na tambaye ta. Ta dube ni ta ce rabonta da kafe tun ranar da muka je tare, kuma me zai sa ta nema alhali kalmar tana hannunta. Mai kafen ya ce wataƙila wani ne a wata ƙasa ya yi kuskuren rubuta sunansa ya faɗo kan namu, ana yin haka. Na ce masa zai yiwu. Ban danna ba, ban kuma goge ba, na rufe akwatin na tafi sallar la'asar.